Kan ganyen shayin da aka ce rani ya hana

Ɗan uwa da na ga tambayarka, wai ka ba da kuɗin ganyen shayi daga Mambila tun watan 12 har yau ana ce maka rani ne, sai da gabana ya faɗi, don irinta ta same ni shekara uku baya.

Maganar rani kam ba ƙarya ba ce, ni da kaina na hau dutsen Mambila har Kakara, inda gonar shayin take. Shayi ba gero ba ne, ba ya jure ƙishi, kuma toho ake tsinka, ganye biyu da ɗan tsiron tsakiya, in damina ta zauna duk sati ɗaya ko biyu ana komawa kan itace ɗaya, amma da ruwa ya ɗauke hunturu ya busa sai tohon ya tsaya cik. Ga shi sai an tara ɗanye kilo 4 zuwa 5 kafin a samu busasshe kilo ɗaya. To in ruwan watan 3 ya makara fa? Ko Kericho ta Kenya da suke taƙama da shayi, ƙanƙara na tsattsage masu ganye.

Amma ni nawa dillalin laɓewa ya yi bayan rani. Kuɗin adashin uwargida na haɗa na tura mashi, azumi na matsowa, yau ya ce gobe, gobe waya a kashe, da ya tashi aikowa rabi kara rabi ƙura. Wani mai shayi a Ƙofar Ƙaura da muka shekara goma muna ciniki ya dafa a gabana, ya ɗaga kofin gaban mutane ya ce Alhaji wannan shayi ne ko ruwan wanke tukunya? Wallahi ranar ko buɗa baki kasa yi na yi kamar mutum. Na bar dillalin da Allah amma ban yafe ba.

Ka ce wa naka dillalin ya ɗauko maka bidiyon buhunan yanzu yanzu, in ya fara kame-kame ka nemi kuɗinka. Kuma kar ka sake biya duka, rabi, shi ma da shaida. Ni yanzu cikin damina nake sari in jibge, sai dai ka ɗora buhu kan katako nesa da omo da turare, ganyen nan jan wari gare shi, na yi asarar buhu guda a haka.