Da Ingila da Amurka sun juya kan Rasha bayan Yaƙin Hitila, wa zai kai wani ƙasa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Ringim. Kakana, Allah ya jiƙansa, tsohon soja ne, ɗan Bama, wato ya yi yaƙi a ƙasar Bama (Burma). Yakan ce mana da aka gama da Hitila saura ƙiris Turawan Yamma su afka wa Rasha. Ran kasuwa na ɗauko zancen a teburin mai shayi, aka yi ta musu har shayina ya huce, wasu na cewa tatsuniyar tsofaffi ce. Shin da gaske ne? Kuma da an gwabza, wa zai ci?

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan tsoho, ya kai haske kabarinsa. Malam, ka koma teburin nan da ƙarfin gwiwa, zancen kakanka yana da tushe, ko da yake ba a takarda ya gani ba, don sai a 1998 gwamnatin Ingila ta fito da takardun.

Jamus ta miƙa wuya ran 8 ga Mayu 1945, amma hankalin Winston Churchill, firaministan Ingila, bai kwanta ba. Saboda Poland Ingila ta shiga yaƙin a 1939, ga shi an kori Hitila daga can sojojin Stalin, shugaban Rasha, sun zauna daram. An gudu ba a tsira ba ke nan. Sai ya sa hafsoshinsa su tsara masa a asirce yadda za a tilasta wa Rasha ta sassauta. Ran 22 ga Mayu suka gama rahoton, an raɗa masa suna Operation Unthinkable, wato abin da hankali ba zai ɗauka ba. Za a kai farmaki ran 1 ga Yuli da runduna 47 ta Ingila da Amurka, 14 daga ciki na tankokin yaƙi. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne har Jamusawan da aka gama kwance wa ɗamara aka yi niyyar mayar wa wajen 100,000 daga cikinsu bindiga.

To wa zai ci? A ganina watannin farko na Rasha ne. Rundunoninta a Turai sun ninka na Yamma fiye da sau biyu, kuma ba sababbin shiga ba ne, su ne manyan kwamandojinta Zhukov da Konev suka ja har suka kama Balin, babban birnin Jamus, ran 2 ga Mayu. Da an taɓa su, da ƙyar in ba su tura Turawan Yamma baya ba. Sai dai Rashar ma ta jigata ƙwarai. Ta rasa mutum wajen miliyan 27, akwai ƙauyukan da mata da tsofaffi kaɗai suka rage a gona. Motocin da ke kai wa sojanta abinci da harsashi da yawansu na Amurka ne, kusan 400,000 aka ba ta lokacin yaƙin, ga naman gwangwani da man jirgin sama. Ranar da aka fara faɗa, ranar wannan famfo zai ƙafe. Teku kuma na hannun Yamma, haka manyan jiragen sama masu sakin bama-bamai, kuma ba abin da ya taɓa masana'antun Amurka. Na san a teburinku wani zai ce ai Amurka na da bam ɗin nukiliya. A tuna masa sai 16 ga Yuli aka gwada na farko, kuma 'yan ƙalilan ne a hannu. Saboda haka abin zai zama kokawar da ba mai kayar da wani, sai dai a yi ta zub da jini shekara da shekaru. Shiga cikin Rasha kuwa, Napoliyon na Faransa ya gwada a 1812, Hitila a 1941, kowa ya ji a jikinsa.

Hafsoshin ma haka suka gani. Shugabansu Alan Brooke da 'yan'uwansa suka nuna wa Churchill ba za ta saɓu ba. Amurka kuwa Japan ce a gabanta, tana jiran Stalin ya cika alkawarin da ya yi a taron shugabanni na Yalta na taya ta yaƙar Japan, ya kuma cika a watan Agusta. Sannan ga gajiya. Mutumin da ya wuni yana huɗa, magariba ta yi ka nuna masa wata gonar? Sojan Amurka da na Rasha da suka yi musabaha a bakin kogin Elbe ran 25 ga Afrilu, gida kowannensu yake so. Kafin Yuli ta ƙare ma Ingilishi sun kayar da Churchill a zaɓe, Clement Attlee ya hau.

Mu ma nan da abin ya shafe mu. Filin jirgin Kano zango ne na jiragen yaƙin da ke tashi daga Takoradi ta ƙasar Gana zuwa Masar, gyaɗarmu kuma Ingila ke kwasa, da an ƙara matsa wa manoma. Su kakanka na runduna ta 81 da ta 82 da suka yi yaƙin Bama, ban ga yadda za a sallame su ba Ingila na neman soja ido rufe. In littafinsa na sallama yana nan cikin adaka, duba shekarar ka aiko min, yawancinsu sai 1946 suka ga gida.