Shin Yaƙin Khaibar Ya Halatta Cin Dukiyar Bayahude?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni ɗan kasuwa ne, muna sayo kaya daga ƙasashen waje ta intanet. Akwai abokina da aka turo wa kaya bashi, ya sayar ya ƙi biya. Da na yi masa magana sai ya ce ai mai kamfanin Bayahude ne, kuma tun ranar Khaibar dukiyarsu ta zama ganima ga Musulmi. Mene ne asalin wannan yaƙi, kuma maganarsa tana da tushe?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Maganar abokinka ba ta da tushe, kuɗin da ya riƙe haram ne, kuma yaƙin da ya kafa hujja da shi hujja ne a kansa.

Khaibar dausayi ne mai yawan dabino da ganuwoyi, kimanin kilomita 150 arewa da Madina. Manzon Allah (SAW) ya fita zuwa gare shi a farkon shekara ta 7 bayan Hijira, wato 628 Miladiyya, jim kaɗan bayan sulhun Hudaibiyya, da mayaƙa wajen 1,400. Sababin fitar sananne ne. Da aka fitar da Banu Nadir, wata ƙabilar Yahudawa, daga Madina a shekara ta 4, manyansu irin su Huyayyu ɗan Akhɗab da Sallam ɗan Abil Huƙaiƙ suka sauka a Khaibar, daga can suka yi ta zirga-zirga tsakanin Ƙuraishawa da ƙabilar Gaɗafan har suka haɗa rundunar da ta yi wa Madina ƙawanya a yaƙin Khandaƙ, shekara ta 5. Wato hukuma ce ta yaƙi wata cibiya da ta riga ta ɗaura mata yaƙi, ƙarƙashin shugaba, da tuta, a bainar jama'a. Ganuwoyin suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, Na'im da Ƙamus da sauransu, mutanen Waɗih da Sulalim kuma suka nemi sulhu.

Duba abin da aka gaya wa wanda aka bai wa tuta. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Sayyidina Ali, bayan Annabi (SAW) ya yi masa tofi a idonsa ya warke, ya tambaya ko ya yaƙe su har sai sun zama kamar Musulmi. Aka ce masa ya tafi a natse, ya fara kiran su zuwa Musulunci, domin Allah ya shiryar da mutum guda ta dalilinsa ya fi masa jajayen raƙuma. Wanda ya cinye wa mutum haƙƙinsa da sunan addini, wace shiriya ya bar masa ƙofarta?

Ganima kuwa tana da sharuɗɗa. Dukiya ce da aka samu a fagen fama daga abokin gaba mai yaƙi, a tara ta wuri guda, shugaba ya fitar da khumusi, wato kashi ɗaya cikin biyar, sannan ya raba saura. Ko sojan da ya zubar da jininsa ba shi da ikon ɗaukar allura kafin rabo. A kan hanyar dawowa daga wannan yaƙi, a Wadil Ƙura, kibiya ta kashe wani bawa mai suna Mid'am da ke yi wa Annabi hidima. Mutane suka ce ya dace da Aljanna. Annabi (SAW) ya ce a'a, mayafin da ya ɗauka ranar Khaibar kafin a raba ganima yana ci da wuta a kansa. Mayafi ɗaya fa, daga ganima ta gaskiya. To ina ga wanda bai je yaƙi ba, aka amince masa aka turo masa kaya?

Abin da ya fi ƙarfi a wurina shi ne abin da ya biyo bayan nasara. Yahudawan suka roƙi a bar su su ci gaba da aikin gonakin, aka ƙulla da su cewa rabin amfani nasu ne. Daga nan malamanmu suka ɗauko babin musaƙatu, wato ba da bishiyoyi ga mai ban ruwa da kula da su a kan wani kaso na 'ya'yan. Abdullahi ɗan Rawaha ne ake aikawa ya kintata dabinon. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa sun tara masa kayan adon matansu don ya sassauta musu. Ya faɗa musu ƙarara cewa ba ƙaunar su yake yi ba, amma hakan ba zai sa ya zalunce su ba, kuma rashawa haram ce. Suka ce da irin wannan ne sammai da ƙasa suka tsayu. Wannan shi ne aiki da aya ta 8 ta Suratul Ma'ida, wadda ta hana ƙin wasu mutane ya kai mu ga barin adalci.

Har jini aka zubar ba a sauka daga wannan ƙa'ida ba. An tsinci gawar Abdullahi ɗan Sahal a Khaibar lokacin sulhu, danginsa suka zargi Yahudawa, su kuma suka musanta. Da babu shaida, dangin kuma suka ƙi rantsuwa kan abin da ba su gani ba, Annabi (SAW) bai ɗora wa mutanen garin diyyar ba, ya biya raƙuma 100 daga wajensa. Daga baya Sayyidina Umar ya tashe su zuwa Taima da Ariha, bayan an far wa ɗansa Abdullahi da dare a can, domin tun asali an sharɗanta cewa zamansu yana hannun Musulmi. Duk da haka sai da ya biya su ƙimar rabonsu na amfanin gona.

Na san abin da ke tunzura matasa: baƙin cikin halin da Falasɗinawa suke ciki, kuma baƙin ciki ne na gaskiya. Wanda ya ga zai ƙaurace wa kayan wani kamfani saboda haka, yana da damarsa. Amma ka karɓi kaya da alkawarin biya sannan ka noƙe, wannan sunansa yaudara. Mugira ɗan Shu'uba kafin ya musulunta ya yaudari abokan tafiyarsa mushirikai, ya kashe su ya kwashe dukiyarsu. Da ya zo, Annabi (SAW) ya ce Musuluncinsa ya karɓa, amma dukiyar ba ruwansa da ita. Shi kansa Manzon Allah ya rasu sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude kan sa'i 30 na sha'ir da ya karɓa wa iyalinsa.

Saboda haka wajibi ne abokinka ya tuba, ya biya kuɗin cif, ba tare da jan ƙafa ba. In ba shi da su a hannu, ya tuntuɓi masu kayan su daidaita yadda zai riƙa biya. Ba ya halatta ya yi sadaka da su muddin ana iya isa ga mai su ko magadansa. Kai kuma kada ka karɓi komai daga waɗannan kuɗi, ko kyauta ko jari, har sai ya sauke haƙƙin. Wallahu a'alam.