Zuwa Farar Hamada daga Alƙahira: amsa ga ɗan'uwa mai tambaya

Wa alaikumus salam Malam. Na ga tambayarka, cewa kana son kai maiɗakinka da yara biyu Farar Hamada, wadda Misirawa ke kira Sahra al-Baida, a hutun tsakiyar shekara, kana neman sanin ko ana barin baƙi su shiga yanzu, kuma ko za ka iya ɗaukar hayar mota ka tuƙa da kanka. Sau uku na je wurin tun zuwana Masar, na ƙarshe a sanyin da ya wuce, to bari in gaya maka abin da idona ya gani.

Ana shiga, har kwana ana yi. Amma maganar tuƙi da kanka, don Allah ka ajiye ta. Wurin gandu ne da gwamnati ta killace tun 2002, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 3,000, kuma da zarar an sauka daga kwalta babu hanya sai sawun taya, wanda iska ke sharewa. Ga kuma batun tsaro. A Satumbar 2015 jami'an tsaro suka buɗe wa wani ayarin masu yawon buɗe ido wuta bisa kuskure a yankin Bahariyya, mutum 12 suka rasu, 8 daga cikinsu 'yan Meziko. Tun daga nan aka tsaurara, baƙo ba ya shiga sai da takardar izini da direba ɗan gari mai rajista. Shi ko kamfaninsa ne ke nemo izinin, kai dai ka tura hoton fasfo ɗinku kwanaki kaɗan kafin ranar.

Ka duba iƙamarku, wato takardar izinin zama a Masar, tun yau, taka da ta Hajiya da ta yara. Akwai shingayen 'yan sanda a hanya, kuma suna duba fasfo da gaske. A zuwana na farko mun yi ganganci, muka bi wani direba mai araha da bai tambaye mu ko takarda ɗaya ba, ga ɗaya daga cikinmu iƙamarsa ta ƙare. Sama da awa biyu muka yi a shinge, rana ta faɗi muna kan kwalta, ƙarshe a Bawiɗi muka kwana ba mu ga komai ba. Araha ba ta ado. Direban da bai nemi fasfo ɗinka ba, ka nemi wani.

Daga Alƙahira zuwa Bawiɗi, babban garin dausayin Bahariyya, kusan kilomita 370 ne, tafiyar awa huɗu zuwa biyar. Akwai motocin haya, amma da yara gara ka biya kamfanin ya ɗauke ku daga ƙofar gida bayan asuba. A Bawiɗi ake sauya mota a shiga Land Cruiser. Kafin ka hau, ka leƙa da idonka ka ga tayar safaya da jarkokin ruwa da shebur, kuma ka tambaya ko mota biyu ce za ta tafi tare. Na fi samun natsuwa da hakan, domin na ga yadda yashi ke riƙe mota har sai an rage iskar taya an yi haƙa.

Za a fara tsayawa da ku a Baƙar Hamada, tuddai masu baƙaƙen duwatsu a kai, ragowar aman wuta na zamanin da. Sai ƙauyen Haiz inda ake cin abincin rana, akwai idon ruwa da yara za su tsoma ƙafa, nan ne kuma ya fi kyau ku yi alwala ku haɗa azahar da la'asar. Dutsen Ƙarau, wani tudu mai duwatsu masu ƙyalli da ake ta yayatawa, ƙarami ne, minti goma sha biyar ya ishe ku. Inda nake so ka roƙi direba ya ba ku lokaci shi ne kwarin Aƙabat, inda mota ke gangarowa daga tudun yashi sai ka ga manyan duwatsu farare sun tsaya ƙiƙam cikin jan rairayi. Nan na ga wani dattijon abokin tafiyarmu ya cire hula yana ta tasbihi.

Ita Farar Hamadar kanta alli ce zalla. Ƙasan teku ne miliyoyin shekaru da suka wuce, har yanzu idan ka durƙusa za ka ga ɓawon katantanwa a jikin dutse. Iska da yashi ne suka sassaƙe allin, wani kamar laimar kwaɗi, wani kamar kaza a gindin bishiya, wani kamar zomo. Idan ka shafa, hannunka ya yi fari fat kamar na malamin firamare.

Yanzu ga abin da ya fi damuna da tafiyarku, wato sanyi. Lokacin da ka zaɓa, ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu, yana da kyau, da rana riga ɗaya ta isa. Daga Maris zuwa Mayu iskar Hamsin mai ƙura ke tashi, bazara kuwa ba wurin yara ba ne sam. Amma da rana ta faɗi, sanyin yakan sauka kusa da na ƙanƙara. Kada ka auna shi da hunturun gida, ko da sanyin Alƙahira inda kake cikin ɗaki. Direbobi suna ba da tanti da jakar barci da bargo mai nauyi, duk da haka ka sa wa kowane yaro riga uku, da hular sanyi mai rufe kunne, da safar hannu da ta ƙafa, ka riƙo man shafawa don leɓe na tsagewa. Idan cikin yaran akwai mai shan nono ko mai asma, shawarata ku kwana a otal a Bawiɗi, ku yi tafiyar wuni kawai, domin asibiti mafi kusa yana Bawiɗi ko dausayin Farafra, kuma waya ba ta kamawa a mafi yawan wurin. Ka sanar da wani a Alƙahira lokacin dawowarku kafin sabis ya ɗauke.

In kuwa yaran sun tasa, ku kwana, don daren ne tafiyar. Direba zai kafa darduma a jikin mota ta tare iska, ya hura gawayi, ya gasa kaji, ya dafa shinkafa da miyar dankali, sai shayi mai na'ana'a. Ka duba kwanan wata kafin ka tsayar da rana. Daga 13 zuwa 15 farin wata yana haske allin har ka ga inuwarka a ƙasa. A ƙarshen wata kuma taurari ne, na nuna wa ɗana Kaza da 'Ya'yanta sarai kamar yadda kakata ta nuna mini a tsakar gida. Can cikin dare yanyawa takan zo, 'yar ƙarama mai manyan kunnuwa, ta tsaya nesa kaɗan da wuta tana kallonku. Ku hana yara ba ta abinci, kuma ku shigar da takalmanku cikin tanti don takan ja su ta tafi.

Ruwan da ke mota na sha ne da girki, asuba taimama muka yi. Babu bayi, sai a zaga bayan dutse da buta, ka gaya wa Hajiya tun a gida don ta shirya. Kada ku ɗauko dutse ko guda, doka ta hana, kada yara su hau kan allin don yana da saurin karyewa, kuma kada ka ɗauki jirgi maras matuƙi na ɗaukar hoto, laifi ne a Masar in babu izini. Akwai kuɗin shiga gandu da na kwana, to ka tambayi kamfanin a rubuce ko suna cikin farashin da suka yanka maka, ka kuma riƙe 'yan canji na ihsani ga direba. Allah ya kai ku lafiya, a gaida iyali.