Me ya sa ake watsar da labarina tun babi na biyu?

Malama, kin ce kina sakin labarinki a WhatsApp, amma daga babi na biyu masu karatu sai su watse. Fara duba shafi ukun farko. Idan duk asalin jaruma ne, kakanta daga Tibiri, ubanta ɗan kasuwa, ita fara doguwa mai dara-daran idanu, to nan kika rasa su. Mai karatu matsala yake jira. Buɗe da ranar da aka maido kayan aurenta, tarihin gidansu ki riƙa tsarma shi kaɗan-kaɗan.

Sai zance, inda aka fi faɗuwa. Karanta shi da ƙarfi, ki rufe sunaye da yatsa. In ba ki bambance tsohuwa mai tuyar ƙosai da ɗalibar jami'a ba, ke ce ke magana a bakinsu duka. Gaisuwa kuma layi biyu ta isa, ba sai an tambayi gajiya, iyali da sanyi kowace haɗuwa ba. Wani abin da ke tona asiri: labari a Maraɗi, amma jaruma na biyan ɗan kabu-kabu da naira, tana zuba Kananci. Nan da dala da jika ake ciniki, dala 20 ita ce sefa 100.

Ki kuma ajiye takarda guda ta shekarun kowa da watan da kowane babi ya faru, don kada cikin da aka ɗauka da damina ya kai wata 14 ba a haihu ba.