Gyambon da ya ƙi warkewa: yadda ake tabbatar da lishmaniyar fata da gano jinsin ƙwayar da ta jawo ta

Tambaya: Assalamu alaikum, likita. Ƙanena yana da gyambo a damtse kusan wata huɗu ke nan. Ya faro kamar cizon sauro, ya zama ƙurji, daga baya ya fashe. Ba ya yi masa zafi sosai, amma ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta har zubi biyu babu sauƙi. Likitansa ya ce yana zargin lishmaniyar fata. An kankari gyambon an duba, ba a ga komai ba. Yanzu an ce a sake gwaji, har a aika wani ɗakin gwaji don a gano jinsin ƙwayar. In gwajin farko bai nuna komai ba, me ya sa za a sake? Kuma in ciwon ɗaya ne, mene ne amfanin sanin jinsi? Ba gara a fara magani kawai ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, malam. Allah ya ba ƙanenka lafiya. Likitansa yana kan hanya, kuma ina roƙonka kada ku gaji da wannan gwaji na biyu, domin shi ne zai nuna irin maganin da ya dace da shi, ko ma ya nuna cewa ba ya bukatar magani mai ƙarfi.

Yadda ka siffanta ciwon ya yi daidai da lishmaniya. Wani ɗan ƙaramin ƙuda ne ke ɗauke da ƙwayar, ƙudan rairayi, wanda bai kai rabin girman sauro ba. Macen ce ke cizo, galibi daga almuru zuwa asuba, a wuraren da tufa ba ta rufe ba: fuska, wuya, hannu, ƙafa. Bayan makonni ko watanni sai ƙurji ya fito, ya yi ta girma a hankali, tsakiyarsa ta lotsa, bakinsa ya taso ya yi tauri kamar ɗan ƙaramin kasko. Rashin zafi yana cikin alamominsa, haka ma ƙin jin maganin bakteriya, don ƙwayar ba bakteriya ba ce. Sai dai ido kaɗai ba ya yanke hukunci a nan. Gyambon Buruli, tarin fuka na fata, kuturta, wasu cututtukan fangas irin su sporotrichosis, har da sankarar fata, kowannensu yana iya fitowa da wannan kama. Magungunan lishmaniya kuwa ba na gwaji ba ne. Allurar antimoni, wadda aka fi daɗewa ana amfani da ita, takan ɗauki kwana 20 a jere, kuma tana iya taɓa zuciya da hanta. Amphotericin B na iya wahalar da ƙoda. Miltefosine, wanda ake sha na kwana 28, an hana shi ga mai juna biyu domin yana cutar da ɗan tayi. Likita mai hankali ba zai ɗora wa mutum irin wannan nauyi a kan zato ba.

To, me ya sa gwajin farko bai nuna komai ba? A jikin mutum ƙwayar tana ɓuya ne a cikin wasu fararen ƙwayoyin jini masu haɗiye cuta, kuma girmanta bai wuce maikiromita 2 zuwa 4 ba. Ana kankaro ɗan nama daga gyambon, a shafa a gilashi, a rina da rinin Giemsa, a duba a madubin likita da ke ƙara girman abu sau 1,000. Mai dubawa yana neman ɗan abu mai siffar ƙwai da ɗigo biyu a ciki: babba, wato cibiyar ƙwayar, da wani ƙarami mai kama da ɗan sanda da ake kira kainetofilas. Ganin wannan ƙaramin ɗigon wajibi ne, domin akwai fangas mai suna Histoplasma da ke zama a wuri ɗaya, girmansa kusan ɗaya, amma shi ba shi da shi. Wannan hanya tsohuwa ce ƙwarai. Da ita likitan sojan Rasha Pyotr Borovsky ya ga ƙwayar a gyambon fata a Tashkent a 1898, da ita kuma William Leishman da Charles Donovan suka bayyana ta a saifar majinyata a 1903. Har yau ita ce mafi sauƙi da saurin samuwa. In ta nuna ƙwayar, magana ta ƙare. In ba ta nuna ba, ba a ce babu ciwon, domin ko a hannun gwani takan kuskure wani kaso mai yawa na masu ɗauke da shi.

Dalilan kuskuren sanannu ne, kuma yawancinsu daga wajen ɗibar samfur suke. Tsakiyar gyambo cike take da mugunya da mataccen nama da bakteriya, ƙwayar kuwa ta fi taruwa a bakin nan da ya taso, inda ciwon ke ci gaba. Ya kamata a wanke wurin, a ɗaye ɓawon, a matse fatar tsakanin yatsu har ta yi fari don kada jini ya cika gilashin, sannan a kankara da wuƙar tiyata. Jini mai yawa yana rufe abin da ake nema. Idan gyambon ya fi ɗaya, a zaɓi mafi sabunta. Sannan akwai shekarun ciwon: sabon gyambo cike yake da ƙwayoyi, amma yana tsufa garkuwar jiki na rage su, har ya zama bayan wata shida sai an sha wuya kafin a ga ko ɗaya. Wasu jinsunan ma tun farko ba sa yawa a gyambo. Ga kuma haƙurin mai dubawa, don gilashi ɗaya yakan ci rabin sa'a kafin a ce babu. Saboda haka nake ba da shawarar a ɗibi samfur daga wurare biyu ko uku, a kuma haɗa hanyoyin gwaji fiye da ɗaya a zama guda.

Hanya ta biyu ita ce renon ƙwayar. Ana zuba samfurin a kwalba mai abincin da ake kira NNN, wanda aka haɗa da jinin zomo, a ajiye a ɗumin kusan digiri 25, kusa da yanayin cikin ƙudan. A nan ƙwayar kan sauya kama, ta yi tsawo, ta fitar da wutsiya tana iyo, ganinta ya yi sauƙi. Matsalarta jira, don ana iya kai mako 4, kuma bakteriya ko fangas kan shiga su lalata kwalbar. Akwai kuma yanko ɗan nama kamar milimita 4 daga bakin gyambon bayan allurar kashe zafi. Babban amfanin wannan shi ne ko da ba lishmaniya ba ce, zai iya nuna sankara ko tarin fuka. Amma a kula: ɓangaren da za a rena ko a kai gwajin DNA, wato sinadarin gado na ƙwayar, kada a jefa shi cikin fomalin, ruwan da ake adana nama a cikinsa, domin fomalin yana kashe ƙwayar, yana kuma lalata DNA ɗinta.

Gwajin da na fi sa rai da shi ga ƙanenka shi ne PCR, mai neman DNA ɗin ƙwayar ya ninka shi har a iya ganewa. Wancan ƙaramin ɗigon da na ambata yana ɗauke da 'yan zobban DNA dubbai a ƙwaya guda, shi ya sa ko ƙwayoyi kaɗan ne suka rage a tsohon gyambo gwajin yakan kama su. Ba ya bukatar ƙwaya mai rai. Abin da aka kankaro ana iya shafa shi a takardar tacewa ta musamman, ya bushe, a aika nesa ba tare da firji ba. Wani lokaci ma daga tsohon gilashin da aka rina ake kankaro samfurin, don haka ka tambaya ko sun ajiye na farko.

Kada a ɓata kuɗi a gwajin jini. Gwajin gaggawa na rK39 an yi shi ne don lishmaniyar cikin jiki, wadda ke kumbura saifa da hanta, kuma a ciwon fata jiki ba ya fitar da isassun sinadaran garkuwa da zai kama. Gwajin fata na Montenegro, wanda aka soma a Brazil a 1926, yana nuna cewa jiki ya taɓa haɗuwa da ƙwayar, amma ba ya bambance ciwon yau da na shekara goma da suka wuce.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, wadda ita ce zuciyar maganar. Ciwon ba ɗaya ba ne. Jinsunan Leishmania fiye da 20 ne ke kama ɗan Adam, a madubin likita duk kamarsu ɗaya, amma halinsu ya sha bamban. Leishmania major, wadda ke zaune a jikin ɓerayen daji a busassun yankunan Afirka ta Arewa da ta Yamma, Gabas ta Tsakiya da tsakiyar Asiya, takan fito da gyambo mai ruwa, sau da yawa fiye da ɗaya, kuma galibi yakan warke da kansa cikin watanni, ya bar tabo. Leishmania tropica ta birane ce, ƙuda ke ɗauko ta daga mutum zuwa mutum, kuma ta addabi Kabul da Halab. Gyambonta busasshe ne, yana iya wuce shekara, yana da taurin kai wajen magani, wani lokaci ya warke sannan ƙuraje su sake tsirowa a gefen tabon. A tsaunukan Habasha da Kenya akwai Leishmania aethiopica, mai zama a jikin rema, wadda kan bazu a fata ta yi kumburi barkatai har a ɗauka kuturta ce. Leishmania infantum ta yankin Bahar Rum, wadda karnuka ke ɗauke da ita, tana iya tsayawa a fata, tana kuma iya shiga cikin jiki.

Wadda ta fi tayar mini da hankali tana nahiyar Amurka ta Kudu da ta Tsakiya. A can akwai wani reshe da ake kira Viannia, wanda ya ƙunshi Leishmania braziliensis da panamensis da guyanensis. Gyambon braziliensis yana iya warkewa sarai, mutum ya manta da shi, sai bayan watanni ko shekaru ƙwayar ta ɓullo a cikin hanci, ta fara da toshewa da haɓo, ta ci guringuntsin hanci, ta gangara baki da maƙogwaro. Kaɗan ne daga cikin masu ciwon ke kaiwa ga haka, an fi ganinsa a Bolibiya da Peru da Brazil, amma ɓarnar da yake yi wa fuska ba ta gyaruwa da sauƙi. A wannan nahiya kuma ga Leishmania mexicana, wadda sau da yawa takan warke ba tare da wata fitina ba. Ka ga ke nan gyambo biyu masu kama ɗaya: ɗaya ya isa a tsaftace shi a sa ido, ko a yi masa magani a wurin kawai, da allura a bakin gyambon, ko daskarewa da ruwan naitirojin, ko gashi da na'ura a digiri 50 na daƙiƙa 30, ko man paromomycin, ɗayan kuma yakan bukaci magani mai zagaya jiki duka. Har zaɓen maganin yana bin jinsi. A Guyana ta Faransa, inda guyanensis ta fi yawa, pentamidine ake fara bayarwa, alhali ba shi ake farawa da shi ga braziliensis ba.

Yaya ake gano jinsin? Da can ana rena ƙwayar da yawa a kwatanta sinadaranta, kuma cibiyar Montpellier a Faransa ta yi suna a wannan aiki, amma yana cin watanni. Yanzu PCR ake ƙara wa mataki. Ana ninka wani yanki na DNA mai suna ITS1, a yanyanka shi da sinadarin HaeIII, tsarin gutsattsarin ya nuna ko major ce ko tropica ko aethiopica ko infantum. Wannan hanya tana da kyau ga jinsunan Afirka da Asiya, amma ba ta iya raba 'yan gidan Viannia da juna sosai. A nan sai a koma ga wani yanki mai suna HSP70, a karanta jerin haruffansa. Ina faɗin wannan ne don ka san abin da za ka tambaya: akwai PCR mai cewa "akwai Leishmania" kawai, akwai mai faɗin jinsi. Na zobban DNA ya fi kaifi wajen kamawa, amma bai cika faɗin jinsi ba. Ku tabbatar wanne ɗakin gwajin ke yi kafin a aika.

Akwai abin da ku ne kaɗai za ku iya bayarwa, kuma ya kai rabin gwaji: tarihin inda ya taka. Ƙanenka ya zauna ya tuna duk inda ya je cikin shekara ɗaya ko biyu kafin ƙurjin, ko aiki ne, ko karatu, ko ziyara, da ko ya kwana a waje, a daji, ko kusa da ramukan ɓeraye. A yankin da jinsi ɗaya tak aka sani, wannan bayani da gilashin da ya nuna ƙwayar sukan wadatar, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara shawarwarinta na magani ne bisa yanki da jinsi. Amma taswira tana iya yaudara. A Maroko major da tropica da infantum duk suna nan. A Siri Lanka, Leishmania donovani, wadda a Indiya da Sudan ke jawo ciwon cikin jiki, gyambon fata take haifarwa. Duk wanda ya taka ƙasashe da dama, ko ya je Amurka ta Kudu, ko gyambonsa ke fuska ko kunne ko kan gaɓa, ko ya fi guda huɗu, ko ya kai faɗin santimita 5, ko garkuwar jikinsa ta yi rauni saboda HIV ko wasu magunguna, a wurina sanin jinsi ya zama dole a gare shi.

Kafin sakamako ya fito, jiran 'yan makonni ba ya cika yin illa ga gyambon damtse irin nasa. A riƙa wanke shi da ruwa da sabulu, a rufe da bandeji mai tsabta, wanda zai kare shi daga bakteriya ya kuma hana ƙuda sauka. Kada a ƙona shi, kada a zuba masa ruwan batir ko wani abu mai ci, kada a shafa man da ke da sitiroyid, domin waɗannan suna ƙara girman tabo, suna kuma ɓata samfurin da za a ɗiba. Ku ma kwantar da hankalinku a gida: ba a ɗaukarsa ta taɓawa ko zama tare. In ya ga ƙananan ƙullutai sun jeru daga gyambon zuwa hammata, ko hanci ya riƙa toshewa da haɓo, ko murya ta dushe, ko zazzaɓi ya daɗe tare da rama, ya koma wurin likitansa nan take ba sai sakamakon ya iso ba.