Kurar da ka zana ba kura ba ce

Jiya da na mayar maka da takardunka ka ce: "Maigida, na ba zaki jarumta, na ba kura mugunta da kwaɗayi, mujiya hikima, kunkuru sanyin jiki. Kowane yaro zai gane su nan take. Me ya sa ka ce ba su da rai? In ba haka ba, daga ina ake samo wa dabba hali?" Lokacin muna tsakiyar ɗaukar murya, ban samu sukunin ba ka amsa ba. Ga ta, ka karanta a nutse.

Zanen kansa ba shi da laifi, yarona, hannunka ya fara faɗawa. Ka ce yaro zai gane su nan take, kuma gaskiyarka, amma nan gizo ke saƙar. Abin da yaro ya riga ya sani tun kafin ya zauna kallo, me ka ƙara masa? Da tatsuniya muke zanawa da ban ce maka uffan ba, domin a can an san kura da wauta da haɗama, dila kuma malamin daji ne, ba wanda ya zo neman ilimin dabbobi. Namu aikin katun ne na sanin halittu. Ɗan shekara biyar ko bakwai zai tashi da abin da ya gani ya riƙe shi a matsayin gaskiya, wataƙila har furfura.

Bari mu fara da kura, tunda ita ka fi zalunta. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Hans Kruuk, ya shafe shekaru yana bin kuraye masu dabbare-dabbare cikin dare a Serengeti da Ngorongoro a Tanzaniya, ya fitar da sakamakon aikinsa a 1972. Ya gano cewa mafi yawan abin da suke ci su suke farautarsa da kansu. A Ngorongoro ma sau da yawa zakuna ne ke zuwa su ƙwace musu. Gari ya waye, mai kallo ya iske zaki kan nama, kuraye na gefe suna jira, sai ya ce ga ɓarayi can. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A cikin garkensu mace ta fi namiji girma, ita ke mulki, kuma 'ya tana gadon matsayin uwarta. Ɗan kura ana haifarsa idonsa buɗe, haƙoransa sun riga sun fito. Namijin, wato kure, idan ya girma yakan bar garken da aka haife shi ya shiga wani, can kuma daga ƙasa zai fara, har ƙananan yara sun fi shi daraja. Dariyar nan da ka sa ta zama alamar mugunta, yawanci kura na yin ta ne idan an matsa mata, ko ana korarta daga nama, ko hankalinta ya tashi.

To duba abin da ke hannunka yanzu. Ga uwa mai tsauri wadda ba a ja da ita. Ga 'yarta mai gadara, wadda ba ta taɓa wahalar samun komai ba. Ga kuma kure baƙo, kullum a bayan layi, wanda idan tsoro ya kama shi sai dariya ta suɓuce masa, sauran dabbobi su ɗauka raini ne, ya ƙara shiga uku. Wannan kuren ni zan iya rubuta masa kashi ashirin ban gaji ba, kuma duk yaron da ya taɓa zama baƙo a sabon aji zai ga kansa a cikinsa. Ban ƙirƙiro komai ba, daga rayuwar dabbar na ɗebo.

Zaki ma haka. Yakan kwashe kusan awa 20 a rana yana kwance, zakanyoyi ne ke yin mafi yawan farautar garke, gurnaninsa kuwa ana jiyo shi daga nisan kilomita 8. Aikinsa tsaron yanki da kare 'ya'ya daga baƙin maza. Ka ba ni mai babbar murya da son barci, wanda yara za su yi ta yi wa dariya, har ranar da baƙon zaki ya ƙetaro iyaka su ga dalilin ajiye shi.

Ni idan zan fara dabba, ba na tambayar wane hali ya dace da ita. Ina tambayar me take ci, me ke cin ta, da me take sanin duniya, ido ne ko kunne ko hanci. Hali yana ɓoye cikin amsar. Ɗauki mujiyarka mai tabarau da littafi. Wannan hikimar ba daga daji ta fito ba, daga tsohuwar Girka aka gaje ta, inda mujiya take alamar Atina, abin bautarsu na hikima. Mu kuwa da wani abu muka san ta: wadda tsuntsaye ke taruwa a kanta idan ta kuskura ta fito da rana, kuma wannan gaskiya ne, ƙananan tsuntsaye suna yi mata taron dangi. Idanunta ba sa juyawa a cikin gurbinsu, shi ya sa take juya kai gaba ɗaya har digiri 270, da ƙasusuwan wuya 14, ninki biyu na namu. Akwai irin da ke kama ɓera cikin duhu ƙirin da ji kawai. Gashin fukafukinta yana kashe ƙarar tashi. Haɗa waɗannan ka ga wa ya fito: mai kunya, mai ƙin hayaniya, tana jin duk gulmar da ake yi ko ba ta so, tana sauka bayan mutum ba sallama ta firgita shi, sannan ta yi ta ba da haƙuri. Ba ta fi farfesan da ka zana daɗin kallo ba?

Na san abin da za ka ce. Ai dabba ba ta magana, mu muke sa ta, to ina gaskiyar? A sana'ar nan ƙarya iri biyu ce. Akwai wadda yaro ya san wasa ce: barewa ta yi magana, an raɗa mata suna, an ɗan ƙara mata gira don fuska ta motsa. Ba yaron da zai je daji yana jiran barewa ta gaishe shi. Akwai kuma wadda ba shi da hanyar ganewa, ita ce haramun a wurina. A shafinka na huɗu kunkuru ya tuɓe ƙoƙon bayansa ya rataye zai yi wanka. Ƙoƙon nan haƙarƙarinsa ne da ƙashin bayansa suka haɗe, yana jin taɓi a jikinsa, ba riga ba ce. Yaron da ya yarda da kai zai iya ɗaukar kunkuru ya yi ƙoƙarin zare shi. Jimina ba ta cusa kai cikin yashi don ɓuya, tana sunkuyawa ne ta juya ƙwai a ramin da ta haƙa, idan kuma gudu ya kama tana kaiwa kilomita 70 a awa. Beguwa ba ta harba ƙayarta kamar kibiya. Giwa ba ta shan ruwa ta hanci, tana zuƙa ne ta tsiyaya a baki. Hawainiya kuwa yawancin rikiɗarta magana ce, ta fushi ko neman mace ko zafi da sanyi, ba wai duk abin da ta taka take kwaikwaya ba.

Kada ka raina irin wannan. A 1958 wani fim ɗin dabbobi na Amurka ya nuna wasu ƙananan ɓerayen ƙasashen sanyi suna faɗawa ruwa daga kan dutse, wai suna kashe kansu. Daga baya aka gano masu fim ɗin ne suka turo su. Har yau akwai manya da ke rantsuwa haka dabbar take.

Kuskurenka na biyu ya fi na farko ɓoyuwa: dabba ɗaya, hali ɗaya, kamar duk kurayen duniya mutum guda ne. Lokacin da wata mai bincike, Jane Goodall, ta fara aiki kan birran cimfanzi a dajin Gombe na Tanzaniya a 1960, ta raɗa musu sunaye, ta ce wannan mai haƙuri ne, wancan mai saurin fushi. Malaman jami'a suka ce ba haka ake kimiyya ba, lamba ake ba su. Yau masana da kansu suna auna bambancin hali tsakanin dabbobi 'yan jinsi ɗaya. A Holan an gwada wani ƙaramin tsuntsun daji, ana sakin su ɗaya bayan ɗaya a ɗakin da ba su sani ba. Wasu nan da nan sun zagaye ko'ina, wasu sai sun daɗe suna leƙe. Da aka bi rayuwarsu, sai aka ga wata shekara masu rawar kai ke cin riba, wata shekarar kuma masu taka-tsantsan, gwargwadon yawan abinci. Don haka idan za ka sa zomo, sa biyu, wa da ƙane, ɗaya mai kutse ɗaya mai ɗari-ɗari. Kuma ina roƙonka, kada ka "warkar" da mai tsoron a ƙarshen kashi kamar ciwo ne da shi. A daji tsoro ne ke kai zomo gobe. Bari wata rana kunnensa ya ceci kowa, saboda cikin masu kallonka akwai yara masu shiru, su ma suna son a ce da amfaninsu.

Sai batun da ke kayar da kowa: mai cin nama. Damisa na cin barewa, kuma dukkansu taurarinka ne, yaya za ka yi? Hanyoyin ragwanci biyu ne, ka mai da damisa muguwa, ko ka sa ta cin ganye don kada yara su tsorata. Duk biyun ƙarya ce mai illa. Damisa ba ƙiyayya take yi ba, yunwa take ji, kuma da 'ya'ya a ɓoye suna jiranta. Ka nuna sanɗar, ka nuna gudun, ka bar barewa ta tsira sau da yawa, domin a gaske ma mafi yawan farauta ba ta cin nasara. Ranar da ta ci kuwa, kyamara ta kau da kai, mu dawo mu iske 'ya'ya sun ƙoshi suna wasa. Ga ƙananan yara ba na barin a cinye wanda ke da suna da murya. Wannan ra'ayina ne, akwai abokan sana'a da ke ganin na cika tausayi.

Ni ma na taɓa faɗawa ramin nan. Ina sabon hannu na zana ungulu a matsayin bos, da ƙusumbi da jan ido, tana murna idan wani ya kusa mutuwa. Wata malamar firamare ta aiko mana cewa ɗalibanta sun fara jifan ungulaye. Na ji kunyar da har yau ba ta sake ni ba. Ungulu ita ce mai sharar daji, ruwan cikinta yana da ƙarfin da ke kashe ƙwayoyin cuta da ke cikin mushe. A Indiya, daga shekarun 1990, wani maganin shanu mai suna diclofenac ya kashe fiye da kashi 95 cikin ɗari na wasu nau'o'in ungulu, mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan titi suka yawaita, sai a 2006 aka hana ba dabbobi shi. Da yau ne zan zana ta, mai tsafta zan yi ta, mai mita, wadda ke aikin da kowa ke ƙyama kuma ba a taɓa ce mata sannu ba.

Kan fuska ba zan ja ba. Wani masanin halayyar dabbobi, Konrad Lorenz, ya bayyana tun 1943 cewa babban kai da manyan idanu da kumatu zagaye suna sa mutum ya ji tausayi, kamar ya ga jariri. Dabara ce mai aiki, amma ka zuba ta ga kowa, har zomonka da kurarka sun zama 'yan uwa ɗaya. Idon zomo a gefe yake, don ya hangi abin da ke tahowa ta baya, na mafarauci kuma a gaba. Bar su inda Allah ya sa su. Motsin zuciya ka neme shi a kunne da wutsiya da gashin ƙeya. Kuma ka kula, biri idan ya yashe haƙora sau da yawa tsoro ne, ba murmushi ba.

Abin da ya rage tafiya ce. A daƙiƙa ɗaya hoto 24 ke wucewa, mu yawanci zane 12 muke yi, kowane ya tsaya sau biyu. Cikin waɗannan goma sha biyun ake gane hali tun kafin a buɗe baki. Hawainiya tana ɗaga ƙafa, ta yi gaba, ta yi baya, kamar ganyen da iska ke kaɗawa, ido ɗaya na kallonka ɗaya na can wani wuri. Ka zana wannan daidai, ba sai ka rubuta mata "ni mai shakka ce" ba.

Ga aikinka kafin mu sake zama. Nemo bidiyon kunkuru na gaske, kashe sautin, ka kalla rabin awa ba fensir a hannunka. Lura da yadda yake miƙa wuya kafin ya ɗaga ƙafa, da tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya sake leƙowa bayan an firgita shi, da abin da yake yi idan dutse ya tare masa hanya, domin ina zaton za ka ga taurin kai inda ka rubuta sanyin jiki. Sannan ka zana shi sau uku, ka cike zanen da baƙi ƙirin ya zama inuwa kawai, ba ido ba baki. Kada ka taɓa kala tukuna. Kuma ka goge wurin ratayen nan na shafi na huɗu.