Yawo da dafaffen abinci: sana'a ce ko rage zafi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gama difloma, aiki bai samu ba. Ina da ɗan jari, ina so in riƙa zagayawa da abinci a kuloli ina sayarwa a kasuwannin Kano. Shin sana'ar tana riƙe mutum?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tana riƙe mutum har ta yi masa aure, sai dai daɗin girki kaɗai ba ya kai ta. Abin da ke karya masu ita kwantai ne. Mai atamfa a Kantin Kwari in bai yi ciniki yau ba, gobe hajarsa na nan. Kai kuwa shinkafa da waken da suka kai magariba sun zama asara.

Don haka kafin ka sayi tukunya, nemi masu ci. Zaɓi layi ɗaya, a Kwari ko Singa ko Sabon Gari, inda yaran shago ba sa iya barin rumfa. Ka riƙa iso musu lokaci guda kullum, kafin azahar. Fara da kaɗan, gara ya ƙare ana nema, sannan ka ƙara mudu. Garau-garau da ɗanwake sun ishe ka a farko.

Wajen lissafi, kada ka tsaya kan kayan miya. Sa gawayi ko gas, robobin zubawa, da kuɗin adaidaita sahu, wanda ya yi tsalle tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023. Ware uwar kuɗi daban. Sai bashi: "zuba mini, da yamma zan ba ka" ta cinye jarin mutane da yawa. Ba ka da rumfar da za a zo a same ka, kai ne za ka yi ta bi.

Tsafta kuwa ba wasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dafaffen abinci ya zauna da zafi sama da digiri 60 a ma'aunin Celsius, kada ya wuce awa 2 a ajiye yana hucewa. Kular abinci mai riƙe zafi ta fi fenti a jikin baro. Ka kiyayi ruwan wanke-wanke, musamman da damina lokacin kwalara.

Biya harajin ƙaramar hukuma ka karɓi rasit, kuma kada ka tare titi ka haɗu da KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano. Da azumi cinikin rana zai tsaya cak, sai ka koma ƙosai da kunu na buɗa-baki.